KOYA WA YARA SANIN RANA DA IYALINTA
Jagora ga Iyaye da Malaman Ƙananan Makarantu

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin iyaye maza da mata, da malaman firamare, da malaman makarantun allo da na Islamiyya, da duk wanda aka ɗora wa nauyin tarbiyyar ƙananan yara a ko'ina cikin Nijeriya. Manufarsa ita ce a nuna hanya mai sauƙi ta koya wa yaro sanin rana da wata da duniyoyin da ke kewaya rana, ba tare da an sayi wani kayan aiki mai tsada ba.

Kowane yaro mai lafiya yana da tambaya a baki. Ina rana take zuwa in ta faɗi? Wa ya cinye rabin wata? Me ya sa taurari ba su faɗowa? Sau da yawa babba yakan ce masa ya yi shiru, ko don gajiya, ko don shi kansa ba a taɓa ba shi amsar ba. To, yaron da aka kwaɓe sau biyu sau uku yakan daina tambaya, wanda kuwa ya daina tambaya ya rufe wa kansa ƙofar ilmi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Ka'idar da aka bi a nan guda ɗaya ce: a fara da abin da yaro yake gani da idonsa, a bar shi ya auna da hannunsa, sa'an nan a gaya masa suna da lissafi. Yaro na iya haddace sunayen duniyoyi takwas cikin yini guda, ya manta da su cikin mako guda. Amma wanda ya bi inuwar sanda tun safe har la'asar, ya ga yadda take juyawa, wannan ya riƙe abin har tsufansa, domin gani ya kori ji.

DALILIN KOYAR DA WANNAN ILMI

Dalili na farko shi ne kawar da tsoro. Har yanzu a garuruwa da ƙauyuka da yawa, in aka yi husufin wata, sai yara su fito da gwangwanaye da ganguna suna kaɗawa, ana cewa rana ta kama wata. Wannan wasa ne, ba ya cutar da kowa. Amma rashin sani yakan wuce nan. A watan Janairu na 2001, husufin wata ya jawo tarzoma a Maiduguri, aka ƙona gine-gine, aka yi hasarar dukiya, alhali masana sun san ranar wannan husufi da sa'arsa tun shekaru da yawa kafin ya auku. Malaman addini kuwa sun daɗe suna karantar da cewa husufi ba ya aukuwa don mutuwar wani ko haihuwarsa.

Dalili na biyu shi ne kare lafiya. Yaron da bai san haɗarin kallon rana ba yana iya lahanta idonsa cikin ɗan lokaci kaɗan, lahanin da ba ya gyaruwa.

Dalili na uku shi ne bukatar ƙasa. A shekarar 1999 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke kan hanyar filin jirgin sama a Abuja. A watan Satumba na 2003 aka harba tauraron ɗan Adam na farko mallakar Nijeriya, mai suna NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyi 'yan Nijeriya suka haɗa da hannunsu bayan sun sami horo a Ingila. Masu irin wannan aiki nan gaba suna cikin yaran da ke wasa a ƙofar gidajenmu yau. Wannan ilmi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a birnin Alƙahira a 1741, ya yi suna a fannin lissafi da ilmin taurari, kuma daga Katsina ya fito.

DARASI NA ƊAYA: INUWA, DARE DA RANA
(Ga yara daga shekara huɗu)

Abin da ake bukata: sanda miƙaƙƙiya mai tsawon kamu biyu, da tsakuwoyi biyar ko shida, da fili inda rana ke samu tun safe har yamma.

A kafa sandar a tsaye. Da hantsi, sai yaro ya ajiye tsakuwa a daidai ƙarshen inuwarta. Ya sake yin haka kafin azahar, da bayan azahar, da la'asar, da kuma dab da faɗuwar rana. Kada a gaya masa kome tukuna. A tambaye shi dai: yaushe inuwa ta fi tsawo? Yaushe ta fi gajarta? Da safe ina ta nufa, da yamma kuma ina? Da kansa zai gano cewa inuwa kullum tana gudun rana: rana tana gabas, inuwa tana yamma. Da irin wannan lura ne kakanninmu suke sanin lokacin salla da lokacin tashi daga gona kafin zuwan agogo.

Da dare sai a shiga ɗaki, a kunna fitila a ajiye a tsakiya, a ce ita ce rana. A ɗauki ƙwallo ko lemo, a ɗiga masa alama da gawayi, a ce wannan ɗigo shi ne garinmu. A riƙa juya lemon sannu a hankali a gaban fitilar. Yaro zai ga ɗigon ya shiga haske, ya ratsa, ya koma cikin duhu, alhali fitila ba ta motsa ba. Sai a gaya masa haka duniyarmu take. Ita ce take juyawa, daga yamma zuwa gabas, sau ɗaya cikin awa 24. Rana ba ta tafi ko'ina ba. Mu ne muka juya mata baya.

Ga hujjar da kowane yaro babba zai gane. A watan azumi, mutanen Maiduguri sukan sha ruwa kimanin rabin awa kafin mutanen Sakkwato, ko da yake agogonsu ɗaya ne. Dalili shi ne Maiduguri tana gabas, ita ke fara shiga haske da asuba, ita kuma ke fara shiga duhu da magariba.

Akwai wani abin sha'awa da ya kamata malamai su shirya masa. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana, har sandar da aka kafa a tsaye ta rasa inuwa. A Abuja wannan yakan auku wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, da misalin ƙarfe 12 da rabi. A Kano yakan auku wajen mako na uku na Afrilu da mako na uku na Agusta. Yaran ƙasar Ingila ba su taɓa ganin haka a ƙasarsu ba, domin rana ba ta hawa bisa kansu ko sau ɗaya.

DARASI NA BIYU: WATA
(Ga yara daga shekara shida)

Babu abin da ya fi wata sauƙin koyarwa a wurinmu, domin rayuwarmu a ɗaure take da shi. Yara sun san ana duban jinjirin wata, sun san ana sauraron sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi kafin a ɗauki azumi ko a yi salla, sun kuma san daɗin wasa a farin wata.

A ba yaro takarda da fensir, ko allo da tawada. Daga ranar da wata ya tsaya, kowace magariba ya fita ya zana siffar da ya gani, ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Cikin mako biyu zai lura da abu biyu. Na farko, wata yana ƙara cika kowane dare har ya zama kamar faifai a daren sha huɗu. Na biyu, wurinsa yana canzawa: jinjiri yana yamma da magariba, cikakken wata kuwa yana fitowa daga gabas a daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Bayan haka fitowarsa takan riƙa jinkiri da kimanin minti 50 kowane dare, yana raguwa, har ya ɓuya.

Sa'an nan a koma ga fitila da lemo. Wannan karon kan yaron shi ne duniya, lemo shi ne wata. Ya riƙe lemon a hannu, ya miƙe hannun sama da kansa kaɗan, ya riƙa juyawa a inda yake tsaye. In lemon yana tsakaninsa da fitila, gefen duhu zai gani. In ya ɗan juya, sai ya ga siririn haske kamar lauje. In ya ba fitila baya, sai ya ga lemon duk ya haskaka. Da wannan zai gane cewa wata ba shi da hasken kansa, aro yake yi daga rana, kuma babu mai cin sa. Kullum rabinsa yana cikin haske, sai dai yawan abin da muke hange daga wannan rabi ne yake canzawa.

Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani kwana 29 da rabi ne. Shi ya sa wani watan yake yin 29, wani 30. Wata goma sha biyu sun kama kwana 354. Duniya kuwa tana gama kewaya rana cikin kwana 365 da rubu'i, watau shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Wannan ne dalilin da azumi yake zagayawa, ya faɗo cikin zafin bazara, bayan wasu shekaru cikin hunturu, har ya komo inda ya faro bayan shekara 33 ko kusa da haka. Rubu'in kwanan nan da ya yi saura kuwa, shi ake tarawa har shekara huɗu a ƙara wa Fabrairu ya zama kwana 29.

Tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,000 ne. Da akwai hanyar mota, direba mai gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa dare da rana, sai ya yi kwana 160 kafin ya isa. Mutane sun taka shi da ƙafarsu: ranar 20 ga Yuli 1969 Neil Armstrong na Amurka ya sauka a kansa.

DARASI NA UKU: IYALIN RANA
(Ga yara daga shekara takwas)

A gaya wa yaro cewa rana kamar uwar gida ce a tsakiyar tsakar gida, 'ya'yanta takwas suna kewaya ta, kowa a kan hanyarsa. Su ne ake kira duniyoyi, tamu kuwa ita ce ta uku. Rana tauraruwa ce irin sauran taurari, kusancinta ne ya sa ta fi su haske. Tana da girman da za a iya zuba duniya irin tamu fiye da miliyan ɗaya a cikinta. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne. Direban nan da ya kai wata cikin kwana 160, in ya nufi rana sai ya yi shekara 171 a hanya.

Duniyoyi biyar ana ganinsu da ido, kuma malamanmu na dā sun san su da sunayensu na Larabci. Ga su duka takwas bi da bi, daga mafi kusa da rana:

1. Uɗaridu, wadda littattafan makaranta ke kira Makyuri. Ita ce ƙarama, tana gama kewaya rana cikin kwana 88.
2. Zuhura. Girmanta ya yi kusa da na duniyarmu, amma ta fi kowace zafi, domin iska mai kauri da ta lulluɓe ta.
3. Duniyarmu, mai ruwa da iska da rai, mai wata guda ɗaya.
4. Mirrihi, mai jan launi, domin ƙasarta cike take da tsatsar ƙarfe. Shekararta kwana 687 ce.
5. Mushtari, babbar yaya. Nauyinta ya fi na sauran bakwai in an haɗa su. Tana kewaya rana cikin shekara 12 ba kaɗan.
6. Zuhalu, mai zobe na ƙanƙara da duwatsu. Kewayenta shekara 29 da rabi ne.
7. Yuranus, wadda aka gano da madubin hangen nesa a 1781. Kewayenta shekara 84.
8. Naftun, mafi nisa, an gano ta a 1846. Kewayenta shekara 165.

Iyaye da yawa sun koya a makaranta cewa duniyoyi tara ne, ta tara ita ce Fuluto. Ba laifin malamansu ba ne. An gano Fuluto a 1930, aka lissafa ta cikin duniyoyi har shekara 76. Daga baya aka gano wasu irinta da yawa a can bayan Naftun. Saboda haka a watan Agusta na 2006 masana taurari na duniya suka taru a birnin Farag, suka mai da ita cikin rukunin ƙananan duniyoyi. Duk littafin da ya ce tara, tsoho ne, malami ya gyara wa yara. Wannan ma darasi ne: mai ilmi yakan gyara maganarsa in sabuwar hujja ta bayyana.

Kada a tsaya ga sunaye a kan allo. A fita da yaro a nuna masa. Tauraruwar nan mai tsananin haske da ake gani a yamma bayan magariba, wadda Hausawa ke kira Zara matar wata, ita ce Zuhura. Gamzaki mai fitowa gabas da asuba, shi ma Zuhura ce. Abu ɗaya ne mai suna biyu: watanni tana bin bayan rana da yamma, ta ɓuya, sa'an nan ta riƙa riga rana fitowa da asuba. Hanyar bambanta duniya da tauraro ita ce, tauraro yana ƙyafta ido, duniya kuwa haskenta a tsaye yake, sai kaɗan in tana ƙasa-ƙasa. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda ake gani sosai da daren hunturu, taurari ne na can nesa, ba su cikin iyalin rana.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan kallo shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya sauka, a daren da babu farin wata. A nan yaron ƙauye ya fi na birni sa'a. A unguwa irin Maitama fitilun titi da na gidaje sukan dushe ƙananan taurari, amma wata da Zuhura da Mushtari ba su ɓuya ko a tsakiyar birni.

DARASI NA HUƊU: A AUNA DA ƘAFA
(Ga aji guda, ko iyali guda)

Zanen da ke cikin littattafai yana da aibi guda. Domin takarda ba ta da faɗi, sai a jera duniyoyi kusa da juna kamar ƙwai a faranti, yaro ya tashi da zaton haka suke. Maganin wannan shi ne a fita fili a auna.

Ga yaran Abuja akwai wurin da ya dace, watau Filin Shaƙatawa na Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamba 2003. Faɗinsa hekta 32 ne, yana da doguwar hanya miƙaƙƙiya, ga Dutsen Aso ana hange ta wajen gabas. Wanda ba ya Abuja ya nemi filin idi, ko filin ƙwallo, ko filin sukuwa, ko hanyar gona marar motoci.

Abin da ake bukata: ƙwallon ƙafa guda, da igiya mai tsawon mita 10 wadda aka auna da awon tela, da farar takarda mai kauri guda takwas. A manna ƙwaya ɗaya a kan kowace takarda don kada ta ɓata, a rubuta sunan duniyar a ƙasa. In ƙwallon ƙafa shi ne rana, to ga girman kowace duniya da nisanta daga ƙwallon:

1. Uɗaridu: tsabar yashi guda, mita 9.
2. Zuhura: ƙwayar gero, mita 17.
3. Duniyarmu: ƙwayar gero, mita 24.
4. Mirrihi: ƙwayar acca, mita 36.
5. Mushtari: ɗan kanya, mita 123.
6. Zuhalu: 'yar magarya, mita 225.
7. Yuranus: ƙwayar wake, mita 450.
8. Naftun: ƙwayar wake, mita 710.

A ajiye ƙwallon a bakin hanya, yaro guda ya tsaya a kansa. Sauran su tafi da igiya suna aunawa, duk inda aka isa wurin wata duniya sai a bar yaro guda riƙe da takardarta. Huɗun farko suna jin maganar juna. Mai riƙe da Mushtari sai da kira. Daga Zuhalu zuwa gaba, lalle babba ya tsaya tare da kowane yaro. In kuma filin ya ƙare, a tsaya a Zuhalu, a nuna musu da hannu inda sauran biyun za su faɗa.

In an gama, malami ya komo da yara wurin ƙwayar geron nan ta uku, ya bar su su dube ta da kyau. Ya gaya musu cewa Nijeriya da Nijar da Makka da Amurka, da teku da hamada, da duk mutumin da suka taɓa ji, suna kan wannan ƙwaya. Wata kuwa ɗigo ne da bai kai tsabar yashi ba, nisansa da ƙwayar bai wuce faɗin yatsu uku ko huɗu ba, kuma nan ne iyakar inda ƙafar ɗan Adam ta taɓa kaiwa. Hasken rana yana isowa wurinmu cikin minti 8 da daƙiƙa 20, amma yana ɗaukar fiye da awa huɗu kafin ya kai Naftun. In yaro ya tambayi inda za a ajiye tauraro mafi kusa da rana, amsa ita ce sai an yi tafiyar fiye da kilomita 6,000 daga ƙwallon, watau an wuce nisan Abuja zuwa Landan.

HUSUFI DA KARE IDON YARA

Husufin wata yana aukuwa in duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa a kansa. Ba ya yiwuwa sai wata ya cika. Babu haɗari a kallonsa, a tashi yara su gani. A daren 27 ga Yuli 2018 an ga irinsa a Nijeriya, wata ya yi ja kamar garwashi.

Husufin rana yana aukuwa in wata ya gitta tsakaninmu da rana, kuma ba ya yiwuwa sai a ƙarshen wata. Yaro zai ce, yaya ƙaramin wata zai rufe babbar rana? A sa shi ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga babban yatsansa ya rufe wani gida ko dutse da ke nesa. Rana ta fi wata faɗi kimanin sau 400, amma ta fi shi nisa kimanin sau 400, sai suka zo daidai a idonmu. Dalilin da ba a yin husufi kowane wata shi ne hanyar wata a ɗan karkace take, galibi yakan bi ta sama ko ta ƙasa da saitin rana. Ranar 29 ga Maris 2006, da hantsi, wata ya rufe rana ɗungurungum a yankin Gusau da Katsina, gari ya yi duhu na 'yan mintoci, sa'an nan haske ya komo kamar yadda aka lissafa.

Ga gargaɗin da ya wajaba kowane uba da uwa da malami su riƙe:

(a) Kada yaro ya dubi rana kai tsaye, ko da husufi ko babu. Cikin ido ba ya jin zafi lokacin da yake ƙonewa, sai daga baya a tarar gani ya raunana.
(b) Baƙin tabarau, da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, da kallon rana cikin ruwan kwano, duk ba su kare ido.
(c) Kada a dubi rana ta madubin hangen nesa ko kaɗan.
(d) Hanya marar haɗari ita ce a huda takarda da allura, yaro ya ba rana baya, ya bar haske ya bi ta hudar ya faɗa kan wata farar takarda. Zai ga siffar rana a kai. A ƙarƙashin itace mai ganye ma, ɗigon hasken da ke ƙasa sukan koma siffar lauje lokacin husufi.

TAMBAYOYIN DA YARA SUKA FI YI

Me ya hana duniya faɗawa cikin rana, ko ta tsere? A ɗaura ƙwallon tsumma a igiya, yaro ya riƙa juya shi sama da kansa kamar majajjawa. Gudun ƙwallon yana son ya tafi da shi, igiya tana riƙe da shi. Rana tana da ƙarfin jawo abubuwa zuwa gare ta, shi ne igiyar da ba a gani. Irin wannan ƙarfi ne duniya take da shi, shi ya sa mangwaro yake faɗowa ƙasa, shi ya sa kuma mutanen da ke ɗaya gefen duniya ba su zubewa.

Sanyin hunturu, nisa muka yi da rana? A'a. A farkon Janairu ma duniya ta fi kusa da rana. Abin da ke kawo sauyin lokuta shi ne duniya a karkace take tafiya. A Disamba rana takan karkata kudu, haskenta ya zo mana a gicciye, busasshiyar iska ta taso daga hamada. A Afrilu takan hau bisa kanmu, sai zafin bazara, damina ta biyo baya.

Tauraron da ya faɗo jiya fa? Ba tauraro ba ne. Ɗan dutse ne, sau da yawa bai wuce tsakuwa ba, ya shigo cikin iskar duniya da gudu ya ƙone.

In yaro ya kawo tambayar da ta fi ƙarfin babba, babu kunya a ce masa, bari mu tambayi malam gobe. Wannan ya fi a ƙirƙira masa amsa.

KIRA GA IYAYE DA MALAMAI

Ana roƙon shugabannin makarantu su keɓe yini guda a kowane zango domin darasin fili, su kuma tabbatar an tafi da 'yan mata kamar yadda aka tafi da maza. Ana roƙon iyaye mata, waɗanda su ne suka fi zama da yara da magariba, su riƙa nuna musu wata da Zara kafin a shiga tatsuniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masana sun riga sun lissafa cewa ranar 20 ga Maris 2034 wata zai sake rufe rana ɗungurungum a wasu sassan Nijeriya. Yaran da ke ƙananan azuzuwa yanzu za su kasance samari da 'yan mata a ranar. In an koya musu tun yau, su ne za su kwantar wa jama'a hankali, su hana ƙannensu kallon rana, su nuna wa unguwa yadda ake huda takarda. A nemi sanda da lemo da ƙwayar gero, a fara da darasi na ɗaya gobe da hantsi. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.